Ƙaramar hukuma ta sayo wuta, kamfani ya kai ta gida: rikicin lantarki a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta Amurka yanzu haka akwai mutane sama da miliyan 14 da wutar da suke kunnawa a gidajensu ƙaramar hukumarsu ce ta sayo musu ita. Kamfanin lantarkin da suka sani tun kaka da kakanni yana nan bai je ko'ina ba, shi ne da falwaya, shi ne da waya da taransifoma da mita, shi ne yake turo bil ƙarshen wata, kuma idan iska ta tsinka waya cikin dare motarsa ce za ta zo gyara. Abin da ya fita daga hannunsa shi ne cinikin, wato daga wace tasha za a sayi wutar, a kan nawa, kwantiragin na shekara nawa, ta gas ce ko ta sola ko ta iska. Wannan tsarin suna kiransa CCA, kuma tun da aka fara shi ake ta kai ruwa rana tsakanin ƙananan hukumomin da manyan kamfanoni uku na jihar, PG&E a arewa da tsakiya, Southern California Edison a kudu, sai SDG&E na yankin San Diyego.

Yadda abin yake tafiya ba wani wahalar ganewa. Majalisar gari ko ta gunduma za ta zauna ta kaɗa ƙuri'a cewa daga yanzu mu za mu riƙa sayo wa mutanenmu wuta. Yawanci garuruwa da dama ne ke haɗuwa su kafa hukuma ɗaya, kowane gari ya turo kansila ko magajin gari ya zauna a kwamitin gudanarwa, su ɗauki ma'aikatan da suka san kasuwar wuta, su shiga kasuwar sari su yi ciniki da masu tashoshi. To ga inda ƙarfin abin yake: ba sai an bi gida-gida ana roƙon mutum ya shigo ba. Da zarar garinku ya shiga, kai ma ka shiga kenan, za a aiko maka da takardar sanarwa kafin a fara da bayan an fara, in ba ka so sai ka ce a cire ka a mayar da kai wajen kamfani. Kuma kowa ya san halin ɗan adam da takarda irin wannan, mafi yawa ko buɗewa ba sa yi, shi ya sa a galibin wuraren sama da kashi 90 cikin ɗari na mutane suke zama a ciki. Da a ce doka cewa ta yi sai wanda ya cike fom da hannunsa zai shiga, da tuni maganar ta mutu, don ba mai tashar da zai sa hannu a kwantiragin shekara 15 da hukumar da ba ta san kwastoma nawa gare ta ba.

Ba Kalifoniya ce ta fara ba ma. Jihar Masacusat ce ta buɗe ƙofar a 1997, garuruwan yankin Cape Cod suka haɗu suka kafa Cape Light Compact, sai Ohayo ta biyo baya a 1999. Ita Kalifoniya wuya ce ta kai ta. A shekarun 2000 da 2001 jihar ta sha baƙar azaba a kan lantarki bayan ta saki kasuwar sari ba tare da shiri ba, 'yan kasuwa irin su Enron suka riƙa wasa da farashi, ana ɗauke wuta unguwa-unguwa a jihar da ta fi kowace arziki a Amurka, har PG&E ya durƙushe ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi a watan Afrilun 2001. A cikin wannan fushin ne majalisar jiha ta yi dokar da ake kira AB 117 a 2002, wadda ta ba garuruwa damar su sayo wa mutanensu wuta. Amma sai da aka shekara takwas dokar tana kwance a takarda ba wanda ya iya motsa ta.

Gundumar Marin, can tsallaken gadar Golden Gate daga San Faransisko, ita ce ta fara a watan Mayun 2010 da hukumar Marin Clean Energy. Abin da PG&E ya yi a wannan shekarar har yau mutanen harkar ba su manta ba. Kamfanin ya ɗauki nauyin wata ƙuri'ar raba gardama mai suna Proposition 16, wadda da ta wuce to duk garin da yake son shiga harkar wuta sai ya samu amincewar kashi biyu cikin uku na masu zaɓe, kuma wanda ya san siyasa ya san kashi biyu cikin uku kusan rufe ƙofa ne da kwaɗo. Kimanin dala miliyan 46 kamfanin ya zuba a kamfen, talla a talabijin, talla a rediyo, takardu har gida, masu adawa da shi kuwa abin da suka tara bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan kuɗin ba. Aka je akwati a watan Yunin 2010 ƙuri'ar ta faɗi, kuma inda ta fi shan kaye shi ne yankunan da PG&E ɗin yake ba wuta, mutanen da suka fi kowa saninsa. Shekara ta zagayo majalisa ta yi wata doka, SB 790, ta hana kamfanonin amfani da kuɗin kwastomomi wajen yaƙar tsarin.

Daga nan fa abu ya ɓalle. Sonoma a 2014, garin Lancaster a 2015, San Faransisko da gundumar San Mateo a 2016, yankin Silicon Valley a 2017, gundumar Los Anjalas da ta Alameda a 2018, San Diyego a 2021. Yau irin waɗannan hukumomin sun kai ashirin da wani abu, suna ɗauke da garuruwa da gundumomi sama da 200. A yankin San Diyego ma mafi yawan kwastomomin SDG&E yanzu ba shi ke sayo musu wuta ba.

Duk wanda ya ji wannan lissafin zai ɗauka kamfanonin sun shiga uku, an kwashe musu kasuwa. Ni ma abin da ya fi ɗaukar hankalina a maganar kenan, saboda gaskiyar ta sha bamban da haka nesa ba kusa ba. A tsarin Kalifoniya kamfanin lantarki ba ya cin riba a kan wutar da ya sayo daga wata tasha ya sayar maka, yadda ya sayo haka zai ɗora maka, hukumar da ke sa ido a kansu wato CPUC ita ke duba lissafin. Ribarsa tana cikin jarin da ya kafa a ƙasa. Idan ya kashe kuɗi ya gina layin wuta ko tashar rarrabawa ko ya binne waya a ƙarƙashin ƙasa, hukumar za ta ba shi damar ya maido da kuɗin daga bil ɗin jama'a a hankali cikin shekaru da yawa, tare da ribar da ke kai-komo a wajen kashi 10 cikin ɗari a kan kason masu hannun jari. Kuma tun 1982 jihar ta raba kuɗin shigar kamfani da yawan wutar da ya sayar, don kar ya riƙa zuga mutane su sha wuta da yawa. To ka ga ƙaramar hukuma ta ɗauke ɓangaren da babu riba a ciki, ta bar masa ɓangaren da ribar take, kuma duk wutar da ta sayo dole ta wayarsa za ta bi, dole mai gida ya biya shi kuɗin dako. Wannan ne ya sa a 2018 SDG&E da bakinsa ya nemi 'yan majalisa su samar masa hanyar da zai fita daga harkar sayen wuta gaba ɗaya ya tsaya a kan waya kawai.

To in haka ne me ya sa PG&E ya zubar da miliyan 46? Dalilai ne da dama. Akwai tsoron cewa wanda ya koyi sayen wuta yau, gobe zai ce a ba shi wayar ma, kuma can ne ran kamfanin yake. Akwai ƙarfin faɗa a ji, don wanda yake sa hannu a kwantiragin biliyoyin daloli da masu tashoshi yana da murya a Sakramento, babban birnin jihar, wadda mai gyaran falwaya ba shi da ita. Sannan akwai tashoshin da kamfanin ya mallaka da kansa, waɗannan kam jari ne kuma yana cin riba a kansu, in kwastomomi sun ragu sai su zama kaya. Misali mafi girma shi ne Diablo Canyon, tashar nukiliya ɗaya tilo da ta rage a jihar, mai ba da wajen megawat 2,200, kusan rabin abin da babban layin Najeriya yake rarrabawa a rana ta yau da kullum. A 2016 PG&E ya sanar zai rufe ta zuwa 2025, kuma cikin dalilan da ya kawo har da cewa mutanen da yake sayo wa wuta suna ta raguwa saboda ƙananan hukumomi, ba zai buƙaci wutar tashar duka ba. Daga baya gwamnatin jiha ta ga in an rufe ta za a shiga duhu lokacin zafi, a 2022 aka yi doka aka tsawaita rayuwarta zuwa 2030, aka kuma raba kuɗin a kan kowa, har da mutanen da suka koma wajen ƙananan hukumomi, har da na kudu da ba su taɓa zama kwastomomin PG&E ba.

Amma ainihin inda ake zub da gumi shi ne tsofaffin kwantiragi. Tun 2002 jihar ta tilasta wa kamfanonin nan su riƙa sayen wani kaso na wutarsu daga sola da iska da makamantansu, suka je suka sa hannu a kwantiragi na shekara 20 zuwa 25 a lokacin da sola take da tsadar gaske, wasu sama da dala 100 a kan kowane megawat na awa ɗaya. Tsakanin 2010 da 2020 farashin wutar manyan tashoshin sola ya faɗi da sama da kashi 80 cikin ɗari a duniya. Sai ga sababbin hukumomin nan sun shigo kasuwa daidai lokacin araha, ba tsohon bashi a wuyansu, suna sayen irin wutar nan a kan kuɗi kaɗan. Abin kamar watanda ne: mutum goma suka wakilta ɗaya ya je kara ya sayo sa ana tsakiyar tsada, ya biya ya kawo, kafin a yanka sai farashi ya karye, huɗu suka ce su kam sun samu nama mai sauƙi a wani wuri sun fita. Shi dai san an riga an saye shi, kuma da sunan mutum goma aka saya, in huɗun nan suka tafi haka kawai to shidan da suka rage su za su biya kuɗin goma. Saboda haka doka ta ce wanda ya fita sai ya ci gaba da biyan kasonsa na asarar, wato bambancin da ke tsakanin abin da kamfani ya biya da abin da wutar za ta yi a kasuwa yau. Wannan kuɗin fita shi ake kira PCIA, yana nan a layinsa daban a cikin bil ɗin duk wanda ya koma wajen ƙaramar hukuma, kuma an ɗaure shi da shekarar da garinku ya fita, kwantiragin da aka sa wa hannu kafin ku tafi kuna ciki, wanda aka yi bayan tafiyarku ba ruwanku.

A ƙa'ida ba wanda yake musun wannan. Rigimar a lissafi take, don kowa da yadda yake kimanta darajar tsohuwar wutar. Kamfani zai ce ba ta da wata daraja a kasuwa yanzu, asarar babba ce, a ƙara kuɗin fita. Ƙananan hukumomi su ce ƙarya ne, kun rage mata daraja da gangan, kuma takardun kwantiragin ma a rufe suke da sunan sirrin kasuwanci to ta yaya za mu tantance, sannan in kun san ko nawa kuka yi asara za a biya ku me zai sa ku wahalar da kanku wajen sake ciniki ko sayar da rarar? A farkon 2016 kuɗin fita a yankin PG&E ya kusan ninkawa a tashi ɗaya. A watan Oktoban 2018 CPUC ta sake fasalin lissafin, kuma hukuncin ya fi karkata ga abin da kamfanonin suka nema, ƙananan hukumomi suka yi ta kuka. Sai kuma a 2022 da 2023 gas ya yi tsada, wuta ta tashi a kasuwar sari, tsofaffin kwantiragin nan da ake raina su suka zama masu daraja, kuɗin fita ya sauko ƙasa sosai har ya kusa ɓacewa a wasu wurare. Ka ga hukumar da take son ta yi wa mutanenta alkawarin farashi ƙasa da na kamfani tana aiki ne da lambar da ba ita ke riƙe da ita ba, bana ta yi sama baɗi ta yi ƙasa.

Ni a wannan gaɓar ina tare da biyan kuɗin fita, duk da ina goyon bayan garuruwa su riƙe cinikin wutarsu. Ka duba su wa suka fara fita: Marin, San Mateo, Silicon Valley, yankunan bakin teku masu sanyi da masu kuɗi. Su wa aka bari? Garuruwa irin Fresno da Bakersfield a tsakiyar jihar, inda zafi yake wuce digiri 40 a bazara, inda ma'aikatan gona suke, inda iyali ba su da zaɓi sai sun kunna na'urar sanyaya ɗaki ko yara su galabaita. In aka yi sassauci a kuɗin fita, waɗannan ne za su ɗauki nauyin, masu hannun jarin kamfani ko a jikinsu. Abin da ya kamata a matsa a kai shi ne a buɗe littafin kowa ya gani, a kuma sa kamfanin ya ji zafi in ya yi sakaci da kwantiragin da ke hannunsa, don yanzu kam ba ya ji.

Ko a Najeriya an taɓo wannan maganar ta wata fuska. A 2017 da aka fito da tsarin da ya ba manyan masu amfani da wuta irin masana'antu damar su saya kai tsaye daga tashoshi, kamfanonin rarrabawa sun yi ta ƙorafin za a kwashe musu kwastomomin da suka fi biya a bar su da waɗanda ba sa iya biya, aka kuma yi tanadin wani kuɗin diyya da mai fita zai biya. Yanzu da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwarsu, irin su Enugu da Ekiti da Ondo suka karɓi ragama a 2024, tambayar wa zai gaji tsofaffin kwantiragi da basussuka tana nan tana jira.

Mu koma kan bil. Mutane da yawa sun shiga tsarin da tunanin kuɗin wuta zai sauko, kuma gaskiya ragin da ake samu ɗan kaɗan ne, wani lokaci kashi biyu ko uku ko biyar a kan ɓangaren wutar kawai, wani lokaci ma babu, wata shekarar har ya ɗara na kamfani. Dalili kuwa kuɗin wutar kanta bai kai rabin bil ba a yawancin gidaje, babban kason na waya ne, kuma shi ne yake ta hauhawa. A watan Nuwamban 2018 wani tsohon layin PG&E ya haddasa gobarar daji da ta cinye garin Paradise, mutum 85 suka rasu, kamfanin ya sake durƙushewa a watan Janairun 2019, daga baya ya amsa laifin kisa ba da niyya ba har guda 84 a gaban kotu. Tun daga nan ake kashe biliyoyi wajen sare bishiyoyi da canza falwaya da binne waya, duk kuma a bil ɗin jama'a suke fitowa, na cikin tsarin da na wajensa. Yau mutumin Kalifoniya yana biyan kusan ninki biyu na abin da matsakaicin Ba'amurke yake biya a kan wuta, kuma kansilan da ke zaune a kwamitin CCA ba shi da ta cewa a kan wannan ɓangaren, sai dai ya tura lauya gaban CPUC ya yi ƙorafi kamar kowa.

Sai maganar da masu tallata tsarin ba su cika son a yi ba, wato in kasuwa ta juya wa zai kama. A gundumar Riverside an kafa Western Community Energy, ta fara aiki a 2020 ana tsakiyar korona, mutane sun kasa biyan bil kuma gwamnati ta hana a yanke wa kowa wuta, ga zafin watan Agusta ya zo farashin sari ya yi tashin gwauron zabi, ita kuma sabuwa ce ba ta tara komai a asusu ba. A watan Mayun 2021 ta je kotu ta ce ta karye, kwastomomi sama da dubu 100 aka mayar wa Southern California Edison. A Ohayo abin ya fi haka girma, a 2022 NOPEC, hukumar da ke sayo wa garuruwa da dama wuta a can, ta ga farashinta ya kusan ninka na kamfani, sai ta kwashi kwastomomi kusan dubu 550 ta mayar da su can, ta jira kasuwa ta lafa ta dawo da su a 2023. A wajen mutanenta dabara ce mai kyau, sun samu sauƙi, amma dillalan da suka ci kwangilar samar wa kamfanin wuta ba su yi lissafi da rabin miliyan ɗin nan ba, dole suka shiga kasuwa mai tsada suka sayo ƙari, kuma wanda aka yi wa haka sau ɗaya in zai sake neman kwangila sai ya sa kuɗin fargaba a farashinsa, kowa ya biya. Birnin Shikago ma ya shiga bayan ƙuri'ar 2012 lokacin da kamfanin ComEd yake ɗaure da kwantiragi masu tsada, da kwantiragin suka ƙare ragin ya ɓace, a 2015 birnin ya mayar da mutanensa. Wato dai kamfani ya zama gidan da ake komawa in ruwa ya tsuge, Kalifoniya ma ta rubuta haka a dokar SB 520 ta 2019, kuma zaman jiran nan yana da tsada, don dole ka kasance a shirye ka karɓi mutanen da ba ka sayi wuta dominsu ba.

Akwai kuma tambayar wa ke da alhakin tabbatar da wuta ta isa. Da can kamfanoni uku hukuma za ta kira ta ce ku gina kaza ku saya kaza, magana ta ƙare. Yanzu masu sayen sun yi yawa, kowa da kwamitinsa da burinsa. Michael Picker, wanda ya shugabanci CPUC a lokacin, ya yi ta gargaɗi a 2018 cewa ana wargaza tsarin ba tare da shiri ba kuma za a iya komawa irin halin 2001. Ranakun 14 da 15 ga Agustan 2020 aka ɗauke wuta bi da bi a jihar, karon farko cikin kusan shekara ashirin. Binciken hukuma bai ɗora laifin a kan ƙananan hukumomi su kaɗai ba, ya ambaci zafin da ya wuce misali da tsarin da bai tanadi isasshiyar wuta ba don bayan faɗuwar rana lokacin da sola ta kwanta mutane kuma suka dawo gida, da wasu matsaloli a kasuwar sari. Amma abin ya girgiza kowa. A watan Yunin 2021 CPUC ta ba da umarnin a samar da sabon megawat 11,500, ta raba wa kowane mai saye kasonsa, kamfani da ƙaramar hukuma duka. Kafin nan a 2020 ta naɗa PG&E da Southern California Edison su zama masu saye na tsakiya don wutar ko-ta-kwana a wasu yankuna, kowa ya biya su. Ka ga wani ɓangare na ikon da aka ƙwace daga hannun kamfani ya sake komawa can ta bayan gida.

Duk da haka ba zan yarda da masu cewa tsarin bai tsinana komai ba. Farkonsa akwai abin kunya kam, Marin da take ta maganar wuta mai tsafta kwantiraginta na farko da reshen kamfanin mai na Shell ta yi shi, kuma wasu hukumomin sun riƙa sayen takardun shaidar wuta mai tsafta kawai alhali ainihin wutar ta gas ce. Amma da suka yi ƙarfi suka tara asusu, a 2018 Moody's, kamfanin da ke auna cancantar cin bashi, ya ba Marin Clean Energy matsayin wadda za a iya ba bashi, ita ce ta farko a irinsu, masu gina tashoshi suka fara yarda da su. Yau sun sa hannu a kwantiragin sababbin tashoshin sola da iska da batir na sama da megawat dubu 10, kuma a jihar da dokar SB 100 ta 2018 ta ce zuwa 2045 duk wutar da za a sayar ta zama marar hayaƙi, su ne suke kan gaba a sayen sababbi. Ba su da masu hannun jari da za a raba wa riba, rarar tana komawa asusu ko tallafin motar lantarki ko ragi ga marasa ƙarfi. Sannan zamansu a bainar jama'a ake yinsa, tsohuwa mai fansho za ta iya zuwa ta tsaya gaban makirfo ta tambayi kansilanta me ya sa aka ƙara kuɗi, in bai ba ta amsa ba ta jira shi ranar zaɓe. Wannan buɗewar ce ma ta tona asirin hukumar gundumar Orange da bincike ya samu da sakaci wajen ba da kwangila da ɓoye bayanai, har gundumar kanta ta kaɗa ƙuri'ar ficewa a ƙarshen 2022.

Tsoron da PG&E ya ji a 2010 kuwa bai tashi a banza ba. Birnin Sakramento da kewaye suna da hukumar lantarki tasu ta jama'a mai suna SMUD, wadda ta mallaki waya da komai tun 1946, kuma mutanenta suna biyan kusan rabin abin da maƙwabtansu na PG&E suke biya. Garuruwan da suka shekara goma suna sayen wuta suna kallon wannan bambancin kullum. A 2019, PG&E yana tsakiyar shari'ar karyewa, birnin San Faransisko ya taya wayoyi da kayan kamfanin da ke cikin birnin a kan dala biliyan biyu da rabi. Kamfanin ya ce albarka, kayansa ba na sayarwa ba ne kuma kuɗin ma ya yi kaɗan. Birnin bai haƙura ba, a 2021 ya shigar da takarda gaban CPUC yana neman hukumar ta yi wa kayan kuɗi da kanta, matakin da ake bi kafin gwamnati ta karɓi kadara da ƙarfin doka ta biya diyya. Kamfanin yana cewa in aka cire birni mai cunkoso da arziki irin wannan daga cikin layinsa, kuɗin gyaran wayoyin da suka ratsa dazuzzuka da tsaunuka zai faɗa kan mutanen karkara da suka rage, lauyoyin birnin kuma suna cewa za a lissafa wannan a cikin kuɗin da za su biya.